Muryar Hajiya mai waakye a guruf ɗin zumunci na unguwar Aboabo a Kumasi, Gana: amsa ga ɗana da Yaya kan tsadar kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da dare. Yaya ina wuni, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ku yi haƙuri muryar nan za ta yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai da safe.

Na saurari abin da kuka yi ta yi tun la'asar. Ɗana ya turo hoton da ke cewa hauhawar farashi ta sauko zuwa kashi 9.4 a watan Satumban 2025, ya ce ga dala ma ta faɗi, saboda haka duk mai kukan tsada yanzu ko dai ɗan adawa ne, ko kuma mu masu sayarwa ne muka ƙi tsoron Allah. Yaya kuma ya ce duk ƙarya ce ta takarda, kuma ɗan abin da aka samu ma Bawumia, tsohon mataimakin shugaban ƙasa kuma ɗan takarar NPP mai alamar giwa, shi ne ya shuka, su Shugaba Mahama suka zo suka girbe. Sai aka ce wai a tambayi Hajiya tunda ita ke shiga kasuwa kullum. To ga ni.

Ɗana, da kai zan fara don kai ne ƙarami. Lambar da ka turo gaskiya ce, ni ma na ji ta a rediyo. Amma ba ka fahimci abin da take nufi ba. Ba cewa aka yi kaya sun sauka ba, cewa aka yi hawan ya rage sauri. Ɗauko biro. Kayan da ake saya sidi 10 a ƙarshen 2021, a 2022 aka ce an hau kashi 54, ya koma 15 da wani abu. A 2023 aka ƙara kashi 23, ya kai 19. A 2024 aka sake ƙara kusan kashi 24, ya zama 23 da rabi. To wannan tara da ɗigo huɗun da kake wa murna, a kan abin da ya riga ya taru ake ɗora shi. Babu wanda ya mayar mana da goman. Yanzu duba ɗaya gefen: mafi ƙarancin albashi na yini a 2022 sidi 13.53 ne, a 2025 kuma 19.97. Kaya sun ninka har da ɗoriya, albashi ko ninki ɗaya bai yi ba. Wannan ramin da ke tsakani shi mutane ke wa kuka, ba wai don suna ƙin Mahama ba. Matar da ta tsaya gabana da safe tana lissafin ko a sa wa yaro ƙwai ko a bari, wallahi da yawansu lema, wato jam'iyyar NDC ta Mahama, suka dangwala wa.

Ka tuna ruwan leda? Pesuwa 20 muke saya. Ya koma 30, ya koma 40, ya tsaya a 50. Dala ta sauka, ka ga ya dawo 20?

Amma fa ba zan ce ba a samu sauƙi ba, don Allah yana gani. Dalar da ta haura sidi 15 a watan Afrilun 2025, zuwa Yuni ta dawo kusa da 10. Shinkafar waje ta sauka, man girki ya sauka, masara ma a shekarar ta yi araha har manoma a arewa suna kukan ba mai saye. Kuɗin mota an rage kashi 15 a watan Mayu, ko da yake sai da aka yi ta cacar baki da yaran mota kafin wasu su yarda, wasu kuma suka koma yanka hanya biyu, a sauke ka a tsakiya ka sake biya. E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, an cire a Afrilu, kuma ni na ji daɗin wannan ƙwarai, don masu oda ta MoMo, wato kuɗin waya, suke biya na, da can kullum rigima ce kan wa zai ɗauki cajin. Kujerar Makka ta 2025 daga sidi 75,000 ta dawo 62,000. Duk wannan an yi, Yaya, kada ka ce ba a yi ba.

Sai dai abin da aka ba ka da dama, duba hagu. A watan Mayun 2025 aka ƙara kuɗin wuta kashi 14.75. A Yuli aka ɗora sidi 1 kan kowace litar mai, aka ce don a biya bashin wutar lantarki. Ni mai firiza ce, nama da wele, wato ganda, a ciki suke kwana, in mita ta fara ƙara da dare barcina ya ƙare.

To bari in zo kan maganar da ta fi ci mini rai, wai mu masu sayarwa ba mu da tsoron Allah. Ɗana, ka taɓa zama ka ƙirga abin da ke cikin kwanon waakye ɗaya? Shinkafa da wake kawai kake gani. Akwai karan dawa na launi, akwai kanwa, akwai taliya, gari, ƙwai, wele, kifi, nama. Shito, miyar barkonon nan, kaɗai ya ishe ka lissafi: mai, busasshen kifi, jatan lande, barkono, citta, albasa, kuma sai ya daɗe a wuta yana cin gawayi kafin ya yi baƙi yadda kuke so. Albasar nan daga Nijar take zuwa. Da aka yi juyin mulki can a Yulin 2023 aka rufe iyaka, motoci suka maƙale a hanya albasa tana ruɓewa, mu nan muna saye kamar zinariya. Tumatir a rani daga Burkina. Shanu daga Burkina da Mali da Nijar, da sefa ake sayo su, kuma mai fataucin zai gaya maka abin da ya bari a shingaye kafin ya iso Kumasi. Sai mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da zai kawo mini kayan, sai 'yar kaya da za ta fito da su daga cikin kasuwa, sai 'yan matan da ke taya ni tun kafin kiran assalatu, su ma ba za su karɓi kuɗin shekara uku da suka wuce ba, kuma suna da gaskiya. Sai mai tikitin kasuwa. A cikin duk wannan jerin, shinkafa da mai ne suka sauka sosai. To da me zan rage rabin kuɗi? Abin da na iya shi na yi, na ƙara cika ludayi, kuma bana ban ƙara ko pesuwa ba.

Akwai kuma abin da ku masu albashi ba ku gani ba a 2022. Jari ne ya karye. A farkon shekarar dala tana sidi 6, kafin Nuwamba ta doshi 15. Dizal ya haura sidi 23 lita. Mai shago ya sayar da katan goma ya koma sari, kuɗin ba su sayi bakwai ba. Ba ku tuna 'yan kasuwar Adum a Kumasi sun rufe shaguna a watan Oktoban 2022, na Ankara ma suka bi? Akwai matan da na sani a layinmu da suka sauke tukunya tun lokacin, har yau ba su mayar ba, wasu adashi suka ci suka kasa zubi, abin ya zama gaba tsakanin maƙwabta. Wanda ya tsira daga wannan, in ka ce masa ya rage yau, tsoro yake kada gobe dala ta sake tashi ta bar shi a rana. Kuma kun gani ai, bayan Yunin 2025 ta ɗan sake motsawa sama.

Amma ban wanke mu duka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2022 akwai masu canza farashi sau biyu a yini kan kayan da suka kwana wata uku a sito, suna cewa dala. Yau dala ta sauka, su ne kuma ke cewa tsohon kaya ne a bari ya ƙare. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta nemi kwana 60 a watan Mayun 2025 kafin a rage farashi, kwana sittin ɗin sun wuce tuni, wasu tsohon kayansu ya ƙi ƙarewa. Har mai ganyen kontomire da ta tsinko a bayan gida sai ta ce maka dala. Wannan haɗama ce, babu ruwan gwamnati, kuma da yawansu sahun gaba suke a masallaci.

Yaya, yanzu kai. Da girmanka, amma ka bar ni in faɗa. Ka ce Bawumia ne ya fara sayen zinariya a ajiye a babban banki. E, an fara tun 2021, ban musa ba. Kuma zinariyar ma farashinta ne ya tashi a duniya, har oza ɗaya ta haura dala 4,000 a watan Oktoban 2025, wannan ba Mahama ya yi ba, ba Bawumia ya yi ba, Allah ne ya kawo. Su Mahama dai sun kafa GoldBod, hukumar cinikin zinariya, sun tattara cinikin wuri ɗaya, dalar tana shigowa ta hannun hukuma. To amma in za ka karɓi ladan wancan, sai ka karɓi zunubin sauran. Wa ya ciwo bashi har aka kasa biya? Akufo-Addo, shugaban ƙasa na lokacin, ya fito a talabijin ƙarshen Oktoban 2022 ya ce ba za a taɓa kuɗin duk wanda ya ba gwamnati rance ba. Disamba na zuwa aka taɓa. Tsofaffi 'yan fansho, wasu da sanda, suka je suka zauna ƙofar ma'aikatar kuɗi a Ankara suna roƙon guminsu, har tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo ta ɗauki kwali ta zauna cikinsu. An ce ba za a je IMF, asusun ba da lamuni na duniya, ba, aka je, aka amince da bashin dala biliyan 3 a Mayun 2023. Korona da yaƙin Rasha da Yukren da kake ta ambato, an yi su, amma ba Gana kaɗai suka sama ba. Ga Kodebuwa nan kusa da mu, kuɗinsu bai zube haka ba.

Kuma ba mu muka kayar da ku ba, Yaya, naku ne. Mazaɓarmu ta Asawase dama ta lema ce tun fil azal. Ƙuri'un giwa ne suka ragu da kusan miliyan 2 tsakanin 2020 da 2024. Ranar zaɓe, 7 ga Disamban 2024, mutanen da na sani 'yan giwa na jini suka zauna a gida suna wanki. An kawo mana musulmi ɗan'uwa, Bawumia, an yi ta zagaya masallatai, amma mutum da ya tuna abin da ya sha sai ya kasa. Na dai yaba masa abu ɗaya, washegari da safe ya fito ya amsa faɗuwa, aka kwana lafiya. Makarantar sakandare kyauta ma ba zan manta ba, 'ya'yana sun ci moriyarta, ko da yake mu muka riƙa aika musu gari da shito.

Ɗana, kar ka yi dariya, don abin da ya ci su shi ya ci naku a 2016. Kai lokacin kana makaranta. Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta kashe mana nama a firiza, teloli da masu walda suka zauna zaman banza, mutane suka juya wa Mahama baya. Mutumin Gana ba ya yi maka gardama, ranar zaɓe yake jira. Saboda haka in kuna zaune da manyanku ku daina gaya musu komai ya yi daidai.

In da gaske kana da bakin magana wurin 'yan jam'iyya kamar yadda kake faɗa, ga saƙo ka kai. Haya. Ba wanda ke maganarta a rediyo kamar dala, alhali ita ke korar mutane daga Zango. Doka tun 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi adibas fiye da wata shida. Wane mai gida ne a Kumasi ke bin ta? Shekara biyu, ko ka kwashe kayanka. Ɗaki ɗaya da baranda, bayi na haya a waje, yara su yi layi da safe da kuɗi a hannu. Yarinyar da ke taya ni wanke-wanke, mijinta direban pragya ne, keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, adibas ɗinsu ya ƙare mai gida ya ninka, yanzu sun koma can bayan gari, kuɗin motar zuwa aiki yana cinye abin da nake ba ta. Saurayi ya kai talatin yana kwana a zaure, ya za a yi ya yi aure? Sannan mu zo muna faɗan yara sun shiga galamse, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ko sun kama hanyar Libiya. An yi mana ma'aikatar Zango a 2017, an yi asusun raya Zango, mun ga filin ƙwallo mai ciyawar roba, to madalla, amma kwata tana nan yadda take, ruwan sama kaɗan Aboabo ta cika. A gyara kwata, a sa ido kan haya, a nemo wa yara aikin yi. Buhun sukari da shinkafar azumi mun gode, amma ba shi muka aike su ba.

Af, Yaya, maganin ƙafar nan da ka ce inshora ba ta biya, ka turo mini hoton kwalin, akwai mai kemis da ke cin waakye wurina zan sa ya duba mana. Masu adashi kuma zubi ranar Juma'a ne, wancan watan mutum biyu sun makara, kuma mai ɗauka wannan karon adibas za ta biya da shi, don Allah kada a sa ta jira. Sai da safenku.