Na'urar awo ta biyu ta ƙone: in ci bashi in sayi mai tsada?

Wani mai gyaran rediyo da oba-oba a Tahoua ya ce NanoVNA (ƙaramar na'urar auna eriya) biyu sun lalace masa cikin hunturu ɗaya, duk a lokacin da ya jona wayar eriya. Yana tambaya ko ya ci bashi ya sayi babbar na'ura.

Malam, kada ka ci bashin tukuna. Mai tsadar ma haka za ta mutu, domin matsalar tana kan teburinka ne. Ka san tartsatsin nan da ke tashi idan ka cire riga da dare a lokacin sanyi? Wuta ce da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 na iya huda wasu ƙananan kayan cikin na'ura. Iskar hunturu mai ƙura kuma tana goga eriya, ta tara wutar a cikin waya.

Saboda haka kafin ka jona kowace wayar eriya, ka haɗa tsinken tsakiya da jikin kan wayar da guntun ƙarfe na daƙiƙa biyu. Wannan kyauta ne, kuma ina kyautata zaton nan ne asararka ta shigo.

Sai abin da za ka saya: abin ɗaurawa a wuyan hannu da ke zubar da wutar jiki, mai rezistans (abin rage gudun wuta) megom 1, da shimfiɗar tebur da aka yi don wannan aiki, duka a haɗe da wayar ƙasa. Ka kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla, mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, a cikin ƙasa, ka jona wayar da ita. Busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta sosai, don haka ka kafa ta inda ake zubar da ruwa, kamar gindin randa, kana jiƙa wurin. Ka riƙa auna abin hannun da mitar gwajin wuta duk mako, wayarsa takan tsinke daga ciki ba ka sani ba. Amma ka cire shi idan za ka buɗe abin da ke jone da wutar lantarki mai bolt 220, ranka ya fi na'ura.

Leda, kujerar roba da rigar nailan su yi nesa da teburin, ka sa ta auduga.

Kuɗin waɗannan duka bai kama ƙafar bashin da kake shirin ci ba. Ka sake sayen ƙaramar, ka kuma fara cajin kuɗin awo daban da na gyara, kana ajiye shi gefe don babbar.