Sandar sunuka mai rage gocewa: tsaya kafin ka tura kuɗi

Saƙonnin makon nan fiye da rabi a kan abu ɗaya suke, wato baƙar sandar sunukar nan da ake gani a hannun ƙwararru a YouTube, da 'yan'uwanta na katako masu ɗauke da haruffan LD, wato masu rage gocewar farar ƙwallo. Zan fara da wanda ya tambayi yadda take aiki, don sauran amsoshin a kan tasa za su tsaya.

Daga Unguwar Rimi: "Malam, ana cewa akwai sandar da ba ta gocar da farar ƙwallo in an buge ta a gefe. Gaskiya ne ko tallan 'yan kasuwa ne?"

Ƙanena, mai rage gocewa akwai ta. Mai hanawa gaba ɗaya ba a ƙera ta ba tukuna.

Duk wanda ya ɗan jima a bakin tebur ya san abin. Ka saita sanda, ka bugi farar a ɓangaren dama don ta murɗa in ta taɓa bango, sai ka ga ta kauce hagu daga layin da ka nufa. Ka buge ta a hagu, ta kauce dama. Daga wannan kan tebur zuwa wancan, in ka matsa can gefe kuma ka sa ƙarfi, kaucewar takan kai faɗin ƙwallo guda ko ta wuce. Abin da ke faruwa shi ne, da bakin sanda ya taɓa gefen farar sai ta fara juyawa, juyin nan ya ture bakin sandar waje, shi kuma ya ture ta zuwa ɗaya ɓangaren. Kamar mutum biyu ne suka yi karo da kafaɗa a lungun Kasuwar Barci, marar nauyi shi ke yin gefe, mai jiki ya wuce abinsa. In bakin sanda nauyi gare shi, farar ce za ta yi gefe. In sakayau ne, shi zai kauce ya ba ta hanya.

Haɗuwar nan ba ta wuce kusan ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba, shi ya sa ba dukkan sandar ke shiga lissafi ba. Can gaban ne kawai, kimanin santimita 15 zuwa 20, kamar taƙi guda. Nan masu ƙera ta suka mayar da hankali. Suka ƙanƙanta baki daga milimita 13 zuwa 12.75, wasu har ƙasa da 12. Suka gajarta farin zoben da ke bayan fatar baki, suka yi shi da abu marar nauyi. Sannan suka rarake cikin katakon daga gaba. Kamfanin Predator na Amurka ne ya yi suna da wannan tun 1994 da samfurinsa mai lamba 314, a 2016 kuma ya fito da Revo, baƙar nan ta kabon da kowa ke magana. Farfesa David Alciatore, masanin injiniyanci da ya koyar a Jami'ar Jihar Colorado, ya daɗe yana gwaje-gwaje a kan wannan, kuma abin da ya nuna ke nan: nauyin gaba shi ne tushen gocewa.

In kana son gani da idonka, ɗauki sandar gidan sunuka, ka naɗe ƙaramin noti da salatif dab da baki, ka yi bugun gefe da ƙarfi zuwa bangon ƙarshe. Cire notin ka sake. Bambancin ba ya buƙatar bayani.

To me take ƙara wa ɗan wasa? Gyaran da kake yi a ido don cike gocewa ya ragu, saboda haka in ka yi kuskuren kintace, kuskuren ma ƙarami ne. A dogon bugu mai ƙarfi ne ake jin daɗinta. In kuwa a tsakiya kake bugun farar, ita da sandar gida duk ɗaya ne. Ba ta ƙara murɗawa, ba ta miƙar da hannun da ya karkace. Lanƙwasar da farar ke yi a bugu mai taushi idan an ɗaga gindin sanda tana nan, haka ma yadda murɗaɗɗiyar fara ke jan ƙwallon da ta buga ta kauce wa rami.

Daga Barnawa: "Na ga Revo a Facebook, gaba da gindi har da jaka, naira dubu arba'in. Mai ita ya ce ta gwanjo ce daga Ingila, in tura rabi ya sa a mota daga Legas. In tura?"

Kada ka tura ko sisi.

Ɗan'uwa, irin wannan sanda gida biyu ce da ake ɗaurawa, gaba da gindi. Gaban Revo na gaske kaɗai, ba gindi ba jaka, ɗaruruwan daloli ne a can inda ake yin sa. Ka tambayi ɗan canji nawa dala ta kwana yau, ka ninka, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan. Sai ka gaya mini wane irin so mutumin Legas yake maka da zai ba ka duka a dubu arba'in. Batun gwanjo kuwa, shi ne rigar da ake sa wa kowane jabu yanzu, daga takalmi har waya. Bature da ya gaji da irin wannan sanda ba ya jefa ta a dilar gwanjo, a can ma masu saye suna layi.

Abin da zai iso maka ɗaya ne cikin uku. Ko katako da aka fesa wa baƙin fenti, ko katako da aka lulluɓe da faiba, wanda gabansa ya ma fi na sandar gida nauyi, wato ka biya kuɗi ka ƙaro gocewa. Ko kuma bututun kabon na arha da aka manna wa tambarin wani. Baƙin launi ba shi ne aikin ba. Kabon ɗin ma in ba a rage masa nauyin gaba ba, sanda ce kamar kowace.

Abin da ke ba ni haushi, mu ne nan in za mu sayi buhun shinkafa sai an soka an nuna mana ƙwayar, in atamfa ce sai mun murza mun shinshina, in babur ne sai an kai wa makaniki ya ji ƙarar inji. Amma da an ce intanet, sai mutum ya ga hoto ɗaya da aka kwafo daga shafin kamfani ya tura kuɗinsa asusun wanda bai taɓa gani ba. Bayan kwana uku lamba ta daina shiga, a zo ana cewa ƙaddara. Wanda ma aka aiko masa jabun ya fi ba ni tausayi, don shi ba zai yarda an cuce shi ba. Zai shiga gidan wasa yana ɗaga ta, yana ɓarar da ƙwallo, yana zagin tebur.

In har ka dage sai ka saya, sharaɗi na farko sai kaya sun zo hannu a biya. Na biyu a gwada a kan tebur. Ajiye farar a kan ɗigo, ka shafa alli a bangon ƙarshe daidai inda sanda ta nufa, ka kwantar da sandar sosai, ka yi bugun gefe da ƙarfi sau da yawa da sandar gida, kana lura da inda take sauka. Sai ka maimaita da wadda ake sayar maka. In tazarar ba ta ragu a fili ba, mayar masa da abinsa. Mai kayan da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ka karce tambarin da farce, ka duba ko baƙin yana ɓarewa a bakin mahaɗa. In gaba kaɗai za ka saya, ka sani mahaɗar ba iri ɗaya ba ce: akwai Uni-Loc, akwai Radial, akwai 3/8x10, akwai 5/16x18, kuma wannan ba ya ɗauruwa a kan wancan. Akwai sandunan kabon na ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa da sunansu na gaskiya. Gara min irin waɗannan sau goma a kan mai aron suna, don ko ba komai ka san abin da ka riƙe.

Sannan ka dubi teburin da kake wasa a kai. In irin wanda ake tokare ƙafarsa da kwali ne, ƙyallensa ya sha ƙura ya yi faci, ƙwallo na gangarawa rami ita kaɗai, to gocewar sanda ita ce ƙaramar matsalarka. Shahararren ɗan wasan Amurka Willie Mosconi ya zura ƙwallo 526 a jere ba kuskure a 1954, shekara 40 kafin a san 314, da sandar katako zalla. Stephen Hendry ya ci kofin duniya na sunuka sau 7 tsakanin 1990 da 1999 da sanda mai arha da yake riƙe da ita tun yana yaro. Dubu arba'in ɗinka, ka sayi miƙaƙƙiyar sandar katako, a sa mata fatar baki mai kyau, ka sayi alli na kirki, canjin ka biya tebur ka yi atisaye.

Daga Rigasa wani yana tambaya ko zai iya kai sandarsa Panteka a rarake masa gaban da injin huda, ta zama LD.

Haba malam. Ba na raina Panteka, amma wannan ba ƙafar kujera ba ce. Ramin in ya karkace ko da kaɗan, bango ɗaya ya yi siriri, bugu biyu ya tsage. Ka bar sandarka lafiya.

Daga Kawo: "Teburinmu mai ƙananan ƙwallaye ne. Wace LD ce ta dace?"

Babu. Auna ƙwallon tukuna. Ta teburin Amurka milimita 57 ce, ta sunuka ta asali 52.5, ta ƙaramin teburin Ingila kusan 51, farar ma ta fi haka ƙanƙanta. Revo mai baki 12.4 ko 12.9 don manyan aka yi ta. Naku sandunan masu baki milimita 9 zuwa 10 dama can gabansu siriri ne. Riƙe kuɗinka.

Daga Malali: "Yayana da ke karatu a Amurka ya matse bakin aljihunsa ya aiko mini 314 ta gaske, daga shago ya saya. Tunda na fara wasa da ita bugun gefe ya ƙi shiga, waɗanda nake cinyewa suna cinye ni. Kunya ta hana in gaya masa. Ko lalacewa ta yi a hanya?"

Kwantar da hankalinka, ƙanena, sandarka lafiya lau take, kai ma haka. Shekarun da ka yi da tsohuwar, idonka da hannunka sun saba ƙara 'yar tazara don cike gocewa, ba tare da ka ma sani ba. Yanzu gocewar ta ragu, hannun bai samu labari ba, yana ta ƙara tsohuwar tazarar. Lura da kyau za ka ga kuskuren naka duk gefe guda yake karkata. Maganinsa ka ajiye tsohuwar gaba ɗaya, kada ka riƙa yau wannan gobe waccan. Ka samu lokacin da gidan wasa babu mutane, ka jera bugu guda ka yi ta maimaitawa, tsakiya tukuna, sannan ɗan gefe, sannan can gefe. Cikin 'yan makonni hannu zai koma daidai. Ka kira Yaya ka yi masa godiya, ka gaya masa gaskiya, dariya zai yi.

Sai dai ka kula da ita. Gabanta rarakakke ne, kada ka fasa tarin farko da ita, ɗauki ta gida. Kada ka ba ta aro ga mai ƙwanƙwasa sanda a bakin tebur in ya ɓarar. Kada samfefa ta taɓa ta, tsumma mai ɗan laima ya isa, ka bi da busasshe nan take. Katako ne, kuma ka san Kaduna, damina ta jiƙa shi hunturu ya busar. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana, kada ka jingine ta a bango ta kwana. Kwance ta gida biyu ta koma jaka.

Daga Tudun Wada, wata uwa: "Ɗana ya dame ni in ba shi kuɗin wata sanda, wai sai da ita zai shiga gasa. Har na yi tunanin karɓar adashena. Amma ina tsoron wurin nan, ana cewa caca ake yi."

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya. Kada ki taɓa adashenki. Babu gasar da ake cewa sai da irin wannan sanda, kuma yaron da yake koyo ba ya buƙatarta. Wasan kansa wasa ne na natsuwa da lissafi, amma tsoronki yana kan hanya, don akwai wuraren da ake sa kuɗi, akwai kuma waɗanda ba a yi. Ki sa kawunsa ko yayansa ya bi shi wata rana da yamma, ya ga su wa ke wurin, ƙarfe nawa ake tashi, waye ya shirya gasar, a ina za a yi ta. In wurin na mutunci ne kuma karatu bai ja baya ba, a saya masa sandar katako ta daidai aljihu, shi ma ya kawo wani abu daga cikin kuɗin. In kuwa ya ƙi a raka shi, to zancen ya wuce na sanda, sai ku zauna da mahaifinsa.

Wanda ya tambaya daga Kakuri ko ƙara wa gindin sanda ƙarfe zai rage gocewa: a'a. Sanda takan yi gram 510 zuwa 600, ka zaɓi wadda ta yi wa hannunka daɗi. Nauyin gindi babu ruwansa da gocewa.