Harara-garke a Idon Matasa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, ɗana shekararsa 14. Idan ya gaji ko ya yi tagumi, sai idonsa na hagu ya sulale waje, in na kira sunansa ya dawo daidai. A rana kuma yakan runtse ido ɗaya. Kakarsa ta ce iska ce. (Wata uwa daga Argungu)

Hajiya, a lallaɓa Iya ta bar zancen iska. Tsokoki shida ne ke juya kowane ido, ƙwaƙwalwa kuma ita ke tafiyar da idanun biyu tare, kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya. A wurin ɗanki saniya ɗaya ce ke son bauɗewa, ƙwaƙwalwa na riƙe da ita, da ya gaji sai riƙon ya sassauta. Runtse ido a rana ma alamar wannan nau'in harara-garke ce.

Ki ɗauki hotonsa da waya lokacin da idon ya zame, don yawancinsu da sun zauna gaban likita sai idon ya miƙe tsaf, a ga kamar uwa ce ta ƙara gishiri. A asibiti za a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido a auna ko yana buƙatar tabarau. Zai yini yana gani dishi-dishi, kada ki tsorata. Wani yaron tabarau ya wadatar da shi, wani a riƙa bibiyarsa kawai. Sai zamewar ta yawaita ake maganar tiyata.

Shekarata 17, tun ina ƙarama idona ɗaya ke kallon hanci. 'Yan ajinmu na yi mini ba'a. An ce na makara, kuma wai ciro idon ake yi a gyara. (Wata ɗaliba daga Jega)

'Yata, ba a ciro ido. Ban san wanda ya shuka wannan magana ba, amma ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Ana sa ki barci, a bi ta siririyar fatar da ke lulluɓe farin ido, a sassauta tsoka ɗaya a ɗaure wata, idon na nan a gurbinsa. Zai yi ja na 'yan makonni, kuma akwai waɗanda sai an sake musu karo na biyu.

Batun makara kuwa, abu biyu aka cakuɗa miki. Miƙar da ido ba shi da iyakar shekaru. Abin da ke da lokaci shi ne ƙarfin gani: idon da ya karkace tun ƙuruciya, ƙwaƙwalwa kan yi watsi da hotonsa har ya zama rago. Rufe lafiyayyen ido don a tilasta wa ragon aiki ya fi tasiri kafin shekara 7 zuwa 8. A shekarunki ba zan yi miki alkawarin gani ya dawo duka ba, amma idon zai iya kallon gaba. Ki roƙi Baba ya kai ki sashen ido a Birnin Kebbi. In aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Yarona ɗan shekara 16 ya faɗo daga mashin. Kwana uku ke nan yana ganin abu biyu-biyu, ido ɗaya ya karkace, ga ciwon kai da amai. (Wani uba daga Yawuri)

Malam, wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Ku tafi asibiti yau. Karkacewar da ta zo farat ɗaya tare da gani biyu na iya nufin jijiyar da ke motsa ido ta taɓu, ko jini ya taru cikin kai. Ba mamaki a nemi hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ɗiga masa ruwan ganye ko a sa masa tozali. A rufe masa ido ɗaya da ƙyalle mai tsabta a hanya, kuma kada a ɗora shi a bayan mashin.