Me ya sa wasu majinyata ke komawa gadon asibiti bayan sallama?

Tambaya: Likita, na ji an ce a Amurka masu inshorar lafiya ta gwamnati sun fi masu inshorar kamfani sake kwanciya a asibiti bayan an sallame su. Sakaci ake yi da su?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, amma dalilin ba shi ne wanda ka zata ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne majinyacin da aka sake kwantarwa cikin kwana 30 da sallama. A ƙididdigar shekarar 2018 ta AHRQ, hukumar gwamnatin Amurka mai binciken harkokin kiwon lafiya, kusan kashi 14 cikin 100 na manya ne suka koma. Masu inshorar gwamnati ta Medicare ne a sama, wajen kashi 17, masu inshorar kamfani kuwa ba su kai kashi 10 ba.

To, su waye masu Medicare? 'Yan shekara 65 zuwa sama, da naƙasassu, da waɗanda ƙodarsu ta gaza. Tsoho mai ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya a haɗe, ko wane irin kati ya riƙe, ya fi ma'aikaci ɗan shekara 35 kusa da komawa. Medicaid kuma, wata inshorar ta gwamnati, ta masu ƙaramin ƙarfi ce, kuma matsalarsu takan fara ne bayan sun bar ƙofar asibiti: babu motar zuwa ganin likita, babu mai jinya a gida, wani ma gidan ne babu.

Irin cutar ta fi katin tasiri. Sikila ce kan gaba, fiye da ɗaya cikin uku na komawa, domin ciwon tasowa yake yi. Gazawar zuciya kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar; gishiri ya yi yawa a abinci ko a tsallake maganin fitsari na 'yan kwanaki, sai ruwa ya taru a huhu. Idan yawan kawuna ake magana, shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ce ta fi mayar da mutane.

Wannan ba wanke asibitoci ba ne. Sallama cikin gaggawa, da rashin bayyana wa majinyaci magungunansa, laifinsu ne. Shi ya sa tun Oktoban 2012 Medicare ke zaftare wa asibitin da majinyatansa suka cika dawowa kuɗi, har zuwa kashi 3 cikin 100. An fara da bugun zuciya, gazawar zuciya da nimoniya, daga baya aka ƙara wasu. Sai dai tarar ta fi faɗawa kan asibitocin da ke kula da talakawa, wanda a ganina rashin adalci ne. Dokar 2016 ta gyara wannan: yanzu an kasa asibitoci rukuni biyar, ana auna kowanne da takwarorinsa gwargwadon yawan majinyatansa masu Medicare da Medicaid a haɗe.