Amsa ga mai tambaya: in ɓarawo ya hauro gidana na buge shi ya mutu, doka za ta riƙe ni?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya tsare gaba. Na ga tambayarka: an hauro maka katanga da daddare an kwashe batiran sola, ba a jima ba aka dawo aka ɗauke babur, yanzu ka ajiye gora da adda a bayan ƙofa, kana son sanin matsayinka in ka ritsa mutum a ciki ka buge shi ya ce ga garinku nan. Na kuma ga amsoshin da aka yi ta jero maka, galibinsu "ka gama da shi kawai, ɓarawo ba shi da haƙƙi". Masu faɗin haka ba su za su riƙa kai maka abinci gidan yari ba, don haka ka saurare ni da kyau.

Ni ba lauya ba ne. Magatakardar kotu na yi har na yi ritaya, yanzu kuma ina cikin kwamitin 'yan sintirin unguwarmu. Fayil irin wannan ya sha bi ta hannuna, na kuma zauna na ji yadda alƙalai ke warware shi.

Doka ta ba ka dama, kuma damar tana da faɗi fiye da yadda wasu ke zato. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 33, bayan ya ce kowa na da haƙƙin rayuwa, ya keɓe wanda ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi wajen kare mutum daga farmaki ko kare dukiya. A nan Arewa kuma muna da kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wanda ya fara aiki a 1960, aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya. Sashe na 59 ya ce abin da mutum ya yi cikin halastaccen kare kai ba laifi ba ne. Sashe na 60 ya ce kana iya kare jikinka da jikin wani, da dukiyarka da ta wani, wato ko gidan maƙwabcinka aka shiga kana da hurumin kai ɗauki. Sashe na 65 ya yarda kariyar ta kai ga kisa in farmakin na sa mutum fargabar mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. Sashe na 66 ya yarda da haka a kan dukiya in fashi ne, ko fasa gida da dare, ko cinna wa gida wuta, ko satar da ta zo da yanayin da mai hankali zai ji tsoron za a kashe shi ko a illata shi. Wasu jihohi, irin su Kaduna a 2017, sun sabunta kundinsu har lambobin sassan suka sauya, amma maganar ita ce dai.

To, a nan masu cewa "ka gama da shi" suke tsayawa da karatu. Ba sa duba sashe na 62, wanda shi ne linzamin sauran duka: ko a wane hali, kare kai ba ya halasta cutarwar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Sai na 63, da ya ce babu wannan dama in akwai lokacin neman agajin hukuma. Wannan na biyun bai cika damun wanda aka faɗa wa ƙarfe biyun dare ba, domin babu alƙalin da zai ce ka tsaya neman lambar caji ofis alhali mutum na tsaye a kanka da barandami. Na farkon shi ne ke cin mutane.

Abin da na lura da shi a shari'o'in da na gani shi ne, ba a cika ɗaure mai gida saboda bugun farko ba. Abin da ya biyo baya ne ke kai shi ciki. Alƙali yana tsinka daren nan ne daki-daki: yaushe ka farka, me ka gani a hannunsa, ina yake tsaye, ina kake, ina iyalinka suke, yaushe ya faɗi, me ka yi bayan ya faɗi. Muddin yana fuskantarka da makami, ko ya nufi ɗakin da matarka da yara suke, ko kuna kokawa a cikin duhu ba ka san su nawa ba ne, doka na tare da kai, kuma ba a sa ran mutumin da aka tasa daga barci cikin firgici ya tsaya awon ƙarfin hannunsa. Amma da zarar ya yar da makamin, ko ya zube ba ya iya tashi, ko ya juya baya ya kama katanga zai fice, ko an ɗaure shi, haɗarin ya wuce, damar ma ta tafi tare da shi. Duk abin da ka ƙara masa daga nan, a idon kotu ramuwa ce.

Kuma gawa tana ba da shaida. Likita zai rubuta adadin raunuka, da inda suke, da irin abin da ya yi su. Sara ɗaya a goshi ko a hannu ya dace da labarin wanda aka yi arba da shi. Sara bakwai a ƙeya da gadon baya, ko shatin igiya a wuyan hannu, wani labari ne daban, kuma duk iya bakin lauyanka ba zai goge shi ba. Na tuna wani dattijo mai shagon kayan masarufi da ya kama yaro a cikin gidansa da asuba. Ya kwaɗa masa taɓarya a ƙafa, yaron ya faɗi. Da an tsaya nan, da ko kwana ɗaya ba zai yi a rufe ba. Sai maƙwabta suka taru, aka ɗaure yaron a jikin turken wuta a ƙofar gida, kowa ya zo ya sauke haushin abin da aka taɓa sace masa. Kafin 'yan sanda su iso rai ya yi halinsa. Da aka zo kame, duk taron nan ya watse, kowa ya ce daga masallaci yake. Mai gidan aka sani, a ƙofarsa aka samu gawa, igiyar ma tasa ce.

Wanda ke ganin tsoratarwa nake yi ya tuna shari'ar Sunday Jackson ta jihar Adamawa. Manomi ne da ya ce wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris na 2025. Hujjar da aka kafa ita ce, tunda ya raba mutumin da makamin, yana da damar tserewa maimakon ya soke shi. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan hukuncin, ni kaina ina ganin an tsaurara, domin wanda ke cikin kokawar rai da mutuwa ba ya lissafi irin na wanda ke zaune a kujera yana karanta fayil. Kuma gona ba cikin gida ba ce, mai gida ba shi da inda zai gudu ya bar iyalinsa. Duk da haka darasin na nan: ko wanda aka fara kai wa hari, kotu na tambayarsa abin da ya yi bayan makamin ya dawo hannunsa.

Wani ya kawo maka misalin ƙasashen Turawa, wai can in mutum ya shigo gidanka sai ka harbe shi ba ruwan kowa. Wasu jihohin Amurka suna da sassauci a kan haka, amma ba duk Turawa ba. A Ingila a 1999 wani manomi mai suna Tony Martin, wanda ɓarayi suka addaba, ya harbi biyu da suka shiga gidansa da dare, ɗaya yaro ɗan shekara 16 ya mutu da harbi a baya. An same shi da laifin kisan kai, daga baya aka sassauta laifin, amma sai da ya yi zaman gidan yari. Mu dai dokarmu za a karanta mana, ba ta bidiyon intanet ba.

A ɓangaren addini ma ba a sakar mana hannu ba. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma da wani ya tambayi Annabi (SAW) game da mai son ƙwace masa dukiya, an ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi. Sai dai malaman fiƙihu sun shimfiɗa ƙa'ida: ana tunkuɗe mai farmaki da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. In tsawa da ihu za su kore shi, ba a dukansa. In sanda ta isa, ba a zare takobi. Malikawa har sun so a fara yi masa gargaɗi in hali ya bari. Wanda ya juya ya gudu kuwa, ba a binsa a kashe. Hukunta ɓarawo aikin alƙali ne, ba na wanda aka yi wa sata ba.

Akwai abu biyu da ka ambata a ƙasan tambayarka. Na farko, jona wa ƙofa ko katanga wayar wutar NEPA tsirara. Kada ka yi. Waya ba ta bambance ɓarawo da yaron maƙwabta da ya hau ɗauko ƙwallo, ko ƙaninka da ya dawo daga kallon bal ya tarar an kulle gida. Kuma abin da ka zauna ka shirya tun da rana, da wuya ka ce firgici ne ya sa ka. Na biyu, bindiga. Ko adaka ce tana buƙatar lasisi, kuma riƙe bindiga ba izini laifi ne mai zaman kansa da kan kai shekara goma. Mutum zai iya kuɓuta daga tuhumar kisa a ɗaure shi saboda bindigar.

Sannan ka sani, ko kana da gaskiya ɗari bisa ɗari, in rai ya salwanta za a tafi da kai. Daga caji ofis a miƙa ka sashen binciken manyan laifuka, a kai ka gaban majistare wanda ba shi da hurumin shari'ar kisa, ya tura ka ajiya a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Wannan jiran kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye, kuma beli a tuhumar kisa sai babbar kotu, ita ma ba da sauƙi ba. In aka ga kare kai ne tsantsa, a sallame ka. In aka ga ka fara da gaskiya amma ka wuce iyaka ba tare da shiri ko mugun nufi ba, sashe na 222 ya sauko da laifin daga mai hukuncin kisa zuwa wanda ake ɗauri, ɗaurin kuma zai iya kaiwa rai da rai. In aka ga ramuwa ce, sashe na 221 ne, wato hukuncin kisa. Ka auna wannan da kuɗin batir.

Shi ya sa a unguwarmu abin da muke gaya wa mutane shi ne, in ka ji motsi ka fara tattara iyalinka ɗaki ɗaya ka kulle, ka kunna fitilar waje, ka busa usur, ka kira 'yan sintiri da lambar 112. Ka bar masa hanyar fita. Da yawa daga cikin masu hauro gida yara ne 'yan ƙwaya masu neman abin da za su sayar da safe, haske da hayaniya sun ishe su. Wanda aka toshe wa hanya shi ke zare wuƙa. Kada ka fita tsakar gida cikin duhu kana farautarsa, ba ka san ko akwai na biyu a bayan tankin ruwa ba. In ya karyo ƙofar ɗakin da kuke, to nan kam ka kare kanka da duk abin da ke hannunka, ba tare da ɗar ba, har sai ya daina zama barazana, sannan ka tsaya.

In an kama shi da rai, doka ta yarda farar hula ya kama mai laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ka kira mai unguwa nan take, ka shigar da ɓarawon zaure ka rufe, ka hana taro taɓa shi ko da za a zage ka. Mu da aka kashe mana mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025 saboda an yi musu ihun masu garkuwa, bai kamata a koya mana sharrin hukuncin taron jama'a ba. In ya ji rauni a kai shi asibiti, ko da kuɗinka ne, domin rayuwarsa ita ce mafitarka. Kada a wanke jini, kada a gusar da makaminsa daga inda ya faɗi, kada a ja shi waje don a ce a titi aka gan shi. A ɗauki hoton inda ya hauro da ƙofar da ya ɓalla.

A caji ofis kuma, kai ka fara kai rahoto, kada ka jira a zo nemanka. Ka sani duk wanda ya ce kare kansa ya yi, ya riga ya amsa cewa shi ya yi bugun, saboda haka kowace kalma a bayaninka na farko tana da nauyi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, in ba ka da hali akwai hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. Ka faɗi abin da ka gani da abin da ka ji tsoro, a jere yadda ya faru. Kalamai irin su "na daɗe ina dakonsa" ko "na rantse sai na koya masa hankali" su ne mai gabatar da ƙara ke karantowa a gaban alƙali don nuna ka shirya, haka ma abin da ka rubuta a Facebook ko WhatsApp cikin fushi. In an rubuta bayaninka da Turanci, a karanta maka a fassara da Hausa a gaban lauyanka ko wani naka kafin ka sa hannu ko ka dangwala.