Tambaya da Amsa: PlayStation, Xbox ko Nintendo, wace ta dace da Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan game a Sabon Gari, da PS4 guda huɗu, ina so in ƙara biyu. Mai kawo mini kaya ya ce in ɗauki Xbox Series S don ta fi arha. Abokina kuma ya ce kada in bar PlayStation, ita ce ke da wasannin da babu su a wata na'ura. Wa zan bi? (Mai gidan game, Sabon Gari)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka tana da tushe, sai dai ta fara tsufa.

Kamfanonin nan, Sony mai PlayStation da Microsoft mai Xbox, ba a kan na'urar suke cin riba mai yawa ba, a farkon fitowarta ma wani lokaci da faɗuwa suke sayar da ita. Ribar tana cikin wasanni: duk wasan da aka saya a shagonsu na intanet suna ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100, ga kuɗin rajista na wata-wata. Don haka babban burinsu na'urar ta shiga ɗakinka. Wasan da ba a samunsa sai a wajensu shi ne abin jan hankali, kamar mai shagon da ke da wani kaya shi kaɗai a unguwa: don shi ka zo, amma ka tafi da sukari da sabulu.

Da wannan dabara Sony ta yi nasara a zamanin PS4, wadda ta fito a 2013. God of War da Spider-Man, duka na 2018, sun ja mutane sosai, aka sayar da PS4 fiye da miliyan 117, ninki biyu da ɗoriya na Xbox One. Microsoft ta mayar da martani da kuɗi. Ta sayi kamfanin da ya mallaki Bethesda, masu ƙera wasanni, a kan dalar Amurka biliyan 7.5 a 2021, ta kuma kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, a kan kusan biliyan 69 a Oktoban 2023. Kowa ya zaci za ta rufe ƙofa. Sai ga shi tun kafin cinikin ya kammala ta sa hannu da Sony cewa Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation har shekara 10, a 2024 ta kai Sea of Thieves PS5, a 2025 Forza Horizon 5 ya bi baya. Ita ma Sony ta kai God of War da Spider-Man kwamfuta a 2022. Dalili ɗaya ne: ƙera babban wasa yanzu yana iya cin dala miliyan 200 ko fiye, masu na'ura iri ɗaya kaɗai ba sa mayar da wannan kuɗi da sauri.

To, mu dawo shagonka. Me yara ke biya su buga? Ƙwallo, sai Mortal Kombat, sai GTA. Duka ukun suna kan PlayStation, suna kan Xbox. God of War kuwa wasan mutum ɗaya ne mai ɗaukar awa 20 ko fiye, bai dace da wurin da ake biya a buga a tashi ba. Ke nan wasan da abokinka ke yabo ba shi zai cika maka aljihu ba.

Duk da haka shawararmu ka tsaya a PlayStation, kuma ka guji Series S. Ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Tun kunnawar farko sai da intanet, kuma kowane wasa sai ka sauke shi. Wasan ƙwallo ɗaya yana haura giga 30, Call of Duty yana iya wuce 100, alhali a cikin giga 512 da aka rubuta a kwalinta kusan 364 ne kawai naka. Lissafa kuɗin giga a Airtel ko Zamani, za ka ga arhar ta gudu. Game Pass, rajistar da ke ba ka wasanni da yawa, wanda shi ne ainihin daɗin Xbox, sai da biyan wata-wata da asusun wata ƙasa, tunda ba a buɗe shi a hukumance don Nijar ba. Sannan a nan faifan PlayStation da manet ɗinta da mai gyaranta sun fi sauƙin samu, ko a Kasuwar Dole ko ta hanyar masu zuwa Kano.

Idan kuɗin sun kai, ɗauki PS5 ɗaya mai faifai da PS4 Slim ɗaya. PS5 tana karanta kusan duk faifan PS4 da kake da su, kuma sababbin wasanni sun fara tsallake PS4: Mortal Kombat 1 na 2023 bai fito a kanta ba, GTA VI ma PS5 da Xbox Series aka sanar. Amma ka sani manet ɗin PS4 ba ya buga wasan PS5, sai ka sayi DualSense, wato manet ɗin PS5, na biyu. Ka duba wuta kuma. PS5 tana jan kusan wat 200 tana cikin wasa, PS4 Slim ba ta cika kai 100 ba, kuma wannan bambanci zai fito a takardar NIGELEC ko a man gurup.

Tambaya: Yarana uku, babban shekararsa 12, suna ta roƙon PlayStation. Wuta kuma ba ta zama a unguwarmu. (Wata uwa, Birni)

Amsa: Hajiya, a nan ne maganar wasan da ba a samu sai a na'ura ɗaya take da cikakken nauyi. Nintendo ba ta kai manyan wasanninta na Mario da Zelda na'urar kowa ba, kuma da su ta sayar da na'urarta Switch fiye da miliyan 150 tun 2017, ko da yake na'urar ba ta kai PS4 ƙarfi ba. Mario Kart 8 Deluxe mutum huɗu ke bugawa a tele ɗaya, babu jini, babu batsa. Switch tana da batir da allonta, idan an ɗauke wuta za ta yi awa huɗu zuwa tara, kuma ƙaramin pano ya ishe ta caji. Wasanninta a ƴan ƙananan kati suke zuwa, ba sa karcewa kamar faifai. Matsalarta a nan ita ce katin ba ya yawo a kasuwa kamar faifan PlayStation, farashinsa kuma ba ya saurin sauka, don haka ki sa a haɗo miki biyu ko uku tare da na'urar. Kada a ruɗe ki da Switch Lite, ba ta haɗuwa da tele. Idan kuma ƙwallo kawai ke ransu, PS4 ta hannu ta fi ba su hoto mai kyau.

Tambaya: PS5 ɗina tana mutuwa da kanta tsakiyar wasa tun shigowar bazara. (Ɗalibi, Karkada)

Amsa: Ɗan'uwa, zafi ne da ƙura. Sony ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, Damagaram kuwa tana wuce 40 a Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe hanyar iska. Kashe ta gaba ɗaya, cire waya, bar ta ta huce. Zare fararen murafunta, za ka ga fanka da ramin da aka yi don tara ƙura. Zuƙe shi da ƙaramin injin zuƙar ƙura, ka share fankar da burushi mai laushi, ka riƙe ta da yatsa kada ta juya. Fitar da na'urar daga cikin kabad, bar mata santimita 10 daga bango. Kada ka bari mai gyara ya shafa mata man sanyaya irin na PS4, domin PS5 ruwan ƙarfe ne a kan ƙwaƙwalwarta, idan ya zubo kan allon lantarkin zai ƙone shi. In ka share amma tana ci gaba da mutuwa ba tare da saƙon zafi a allo ba, gwada ta ta regilater. In bai hana ba, a buɗe akwatin wutarta na ciki, yawanci ramukan iskarsa ne ƙura ta cushe.