Za mu kai yara bakin teku a Kwatano, ina da ina za mu je?

Hajiya, tunda kwana uku kika ce za ku yi, ki ware ɗaya ga Wida, kilomita kusan 40 daga Kwatano. Can ne Ƙofar Ba-dawowa take, wadda aka gina a 1995 don tunawa da wurin da ake loda bayi a jirgi a zamanin cinikin bayi. Na tsaya gabanta jikina ya yi sanyi, na kasa magana.

Kashegari ku hau kwale-kwale daga Kalabi, kusa da Kwatano, zuwa Ganbiye, garin da aka kafa bisa ruwa, har kasuwarsu cikin jirage ake ci.

Da la'asar sai gaɓar teku ta Fijirose a cikin Kwatano, ku sha ruwan kwakwa. Amma don Allah ki riƙe hannun yara. Mu 'yan Damagaram tabki muka sani, igiyar can kuwa janye babba take, balle yaro.